Ma'abota Dogon Zango, Masu Fansar Ƙarfi da Haƙuri

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon akwatin rediyo, irin wanda iyayenmu kan lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura, ya san cewa a jikinsa akwai maɓallin gajeren zango, inda aka saba kamo London da Jamus da Amurka a kan mita 16 ko 19 ko 25, da na matsakaicin zango, inda Kaduna take. Amma a wasu akwatunan, musamman waɗanda aka ƙera domin kasuwannin Turai, akwai maɓalli na uku mai haruffan LW, wanda in an danna shi a ƙasar nan galibi ba a jin kome sai shuu da tartsatsin tsawa, har mutane da dama suka yanke hukuncin cewa lalatacce ne. Lafiyarsa lau. Ƙofa ce ta dogon zango, wanda a kansa aka fara sadarwar rediyo tsakanin nahiyoyi, kuma a yau, bayan da gwamnatoci da manyan gidajen rediyo suka yi ta juya masa baya, akwai wata 'yar jama'a a duniya da ke raba dare a kansa, ba don albashi ko ciniki ba, sai don neman sani kawai.

Kafin a shiga labarinsu wajibi ne a warware mas'alar zangon kansa, domin a kanta sauran bayani ya rataya. Igiyar rediyo tana gudu da saurin haske, wato kilomita 300,000 a cikin sakan guda, kuma tana kaɗawa tana tafiya. Gwargwadon yawan kaɗawarta a sakan, gwargwadon gajartar tsawonta. In an ce kilohaz ɗaya, ana nufin kaɗawa dubu a sakan, kuma wanda ya raba 300,000 da adadin kilohaz zai sami tsawon igiyar a mita. Da wannan hisabi, tashar da ke kan kilohaz 6,000 tsawon igiyarta mita 50 ne, alhali igiyar da ke kan kilohaz 136, inda mutanen da muke magana a kansu suka fi zama, ta kai kimanin mita 2,200, tafiyar da mai ƙafa zai yi kusan rabin sa'a yana yi. Masana sun ƙayyade dogon zango daga kilohaz 30 zuwa 300, abin da ke ƙasa da haka kuwa suna kiransa mafi tsawo. Ɗabi'ar waɗannan igiyoyi ita ce suna bin doron ƙasa, suna lanƙwasa tare da ita, ba sa damuwa da tsauni ko daji kamar 'yan'uwansu gajeru, har sukan ɗan nutsa cikin ruwan teku da duwatsu. Da dare kuma, idan rana ta janye daga wani rufin iska mai ɗauke da lantarki da ke sama da mu da kilomita 60 zuwa 90, sai su riƙa karo da shi suna komowa ƙasa, tafiyarsu ta ninku.

Markoni, ɗaya daga cikin magabatan rediyo, shi ya buɗe hanyar ƙetare teku ranar 12 ga Disamba 1901, sa'ad da ya tsaya a bisa wani tudu a Niyufanlan, gabashin Kanada ta yau, ya ce ya ji harafin S, ɗigo uku na haruffan Mos irin na wayar tangaraho, an bugo shi daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila. Daga nan dauloli suka shiga rigegeniyar gina manyan tashoshin dogon zango, kuma ɗaya daga cikinsu tana nan kusa da mu: Jamusawa sun gina ta a Kamina, kusa da Atakpame a ƙasar Togo, domin ta riƙa magana da Nauen ta kusa da Balin, nisan fiye da kilomita 5,000. Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, ita ce abin da Ingilishi da Faransawa suka fara nufa, da sojojin Gwalkwas a cikinsu, rundunar da asalinta ke komawa ga dakarun Hausawa; Jamusawa kuwa, da suka ga babu makawa, sai suka rushe ta da hannunsu a ƙarshen watan Agusta na shekarar, watanni kaɗan bayan an gama ta.

Tun a wancan zamani akwai samari da ke ƙera na'urorinsu a gida suna magana da juna, har suka yawaita suna cakuɗa da maganar jiragen ruwa. Bayan nutsewar jirgin Titanic a Afrilun 1912, majalisar Amurka ta yi doka ta kore su daga dogayen igiyoyi, ta tsare su a mita 200 zuwa ƙasa, bisa zaton da malaman lokacin suka yi ittifaƙi a kansa, cewa gajerun igiyoyi ba sa zuwa ko'ina. Sai Allah ya nufa korar ta zame musu alheri. A Disambar 1921 wani Ba'amurke mai suna Paul Godley ya kafa tanti a Ardrossan, a gaɓar Sikotlan, cikin sanyi da ruwan sama, ya ji 'yan'uwansa fiye da ashirin daga hayin teku. A Nuwambar 1923 kuma Léon Deloy na birnin Nis a Faransa ya yi magana, kai da komowa, da Fred Schnell na Amurka a kan igiyar da ba ta wuce mita 100 da 'yan kai ba, da ƙarfin da bai kai ko kusa da na manyan tashoshi ba. Nan da nan duniya ta ɗunguma zuwa gajeren zango, kuma albarkacin wannan ne kakanninmu suka ji Hausa daga London tun 1957.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki a wurina. Bayan shekara tamanin da 'yan kai, jikokin waɗanda aka kora suka dawo suna roƙon a ba su ɗan wuri a inda aka kori kakanninsu. Ingila ta ba su kusa da kilohaz 73 a 1996, ta karɓe a 2003. Babban taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Janeba a 2007 ya tabbatar musu a duniya baki ɗaya daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, na 2012 kuma ya ƙara musu daga 472 zuwa 479, maƙwabtan kilohaz 500 inda jiragen ruwa suka shekara kusan ɗari suna kiran neman agaji. Amurka ba ta buɗe wa nata ba sai 2017, da sharaɗin su sanar da kamfanonin lantarki tukuna, domin su ma suna aika saƙonni a kan manyan wayoyinsu da irin waɗannan igiyoyi; kafin nan abin da Ba'amurke ke da shi shi ne tsakanin kilohaz 160 da 190, ba lasin, amma da wat ɗaya tak da eriyar da ba ta wuce mita 15 ba. Kyautar dai ba ta da yawa. Faɗin wurin da aka ba su a 2007 kilohaz 2.1 ne, wanda bai isa muryar mutum guda ta wuce a sake ba, kuma an ƙayyade cewa abin da zai fita daga eriya zuwa sararin sama kada ya haura wat ɗaya.

Mai karatu zai ce wat ɗaya ai ƙuntatawa ce, to amma haƙiƙar al'amari ita ce mafi yawansu ko wat ɗayan ba sa iya kaiwa, kuma a nan wahalar sana'ar take. Ƙa'ida ce cewa eriya ba ta watsa igiya da kyau sai tsawonta ya kai kimanin rubu'in tsawon igiyar, wanda a kilohaz 136 yake nufin mita 550. Shi ya sa mutanen Folan suka gina wa gidan rediyonsu na dogon zango hasumiyar ƙarfe mai mita 646, wadda ta fi kowane gini tsawo a duniya har ranar da ta faɗi a 1991. Shi kuwa malamin makaranta ko tsohon injiniya mai ritaya, abin da yake da shi bayan gida shi ne sanda mai mita 15 ko 20, da 'yan wayoyi da ya shimfiɗa a samanta daga bishiya zuwa bututun hayaƙi. Don ya cike giɓin, sai ya nemi babban bokiti ko durom na roba, ya zauna yana naɗa masa wayar tagulla, zagaye bayan zagaye, ɗaruruwa, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa ba hawa ba giɓi, sa'an nan ya sa wani ƙaramin naɗi a ciki wanda yake juyawa da hannu a hankali har sai allurar ma'auni ta ɗaga. Ya kuma binne wayoyi da sandunan tagulla a ƙasa, domin ƙasar ita ce rabin eriyar. In ya kunna, lantarkin da ke taruwa a kan naɗin nan yakan kai dubban bolt, har a ga shuɗin haske yana tsirtowa daga bakin waya cikin duhu, kuma an sha samun wanda robarsa ta kama da wuta. Duk da wannan ɗawainiya, abin da ke fita sama sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka zuba ba, wani lokaci ma ɗaya cikin dubu; saura duk ya tafi wajen ɗumama ƙasa da naɗin waya da itatuwan maƙwabta.

To, ta yaya abin da bai kai hasken ƙaramar tocila ba zai ƙetare teku? Jawabin yana cikin wata ƙa'ida mai sauƙin faɗi. Hayaniyar da ke cikin sararin sama a warwatse take a ko'ina, saboda haka gwargwadon yadda mai sauraro ya ƙuntata ƙofar da yake saurare ta ciki, gwargwadon ƙarancin hayaniyar da za ta shigo masa; amma ƙuntatacciyar ƙofa ba ta barin saƙo mai sauri ya wuce, sai mai tafiyar hawainiya. Misalinsa mutum ne a tsakiyar kasuwa ranar cinta, yana son ya isar da magana ga wani a ɗaya gefen: in ya yi ta zuba kalmomi, hayaniya ta cinye su, amma in ya ɗauki kakaki ya ja sauti guda ya daɗe a kansa, wancan zai tsinto shi daga cikin dubun muryoyi. Mai buga Mos na al'ada ɗigonsa kimanin ushurin sakan ne. Ma'abota dogon zango sai suka ja ɗigon ya zama sakan 3, ko 30, ko 60, har 120, kuma duk ninki goma da aka yi wa tsawon ɗigo daidai yake da a ninka ƙarfin na'ura sau goma. Wanda ya mai da ushurin sakan ya zama sakan 100 ya sami ninki dubu ke nan, wato daidai abin da gajeriyar eriyarsa ta cinye masa. Abin da aljihu da filin gida suka kasa biya, lokaci ya biya.

Sai dai farashin ba kaɗan ba ne. Da ɗigo mai minti guda, harafin S da Markoni ya ji cikin ƙiftawar ido yana cin minti 5, harafin O kuwa minti 11, kuma kunne ba ya jin kome, domin saƙon yana can ƙarƙashin hayaniya. Kwamfuta ce ke tara abin da ya shigo, ta tace shi, ta zana shi a allo, sai mutum ya ga wani siririn farin layi yana tsattsafowa daga cikin dusa-dusan hayaniya, gajere ɗigo, dogo ja, yana bayyana yana ɓacewa. Manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su, Argo ta Alberto di Bene ɗan Italiya da Spectrum Lab ta Wolfgang Büscher Bajamushe, kyauta masu su suka bayar. Hatta gaisuwa an taƙaita ta, domin wanda kowane harafi ke ci masa minti goma ba ya tambayar lafiyar iyali: harafin O na nufin na karanta sarai, M na nufin da ƙyar, T kuwa na ga alama amma ban gane ba. A Fabrairun 2001 Laurie Mayhead a Ingila da Larry Kayser a lardin Ontariyo na Kanada suka yi magana a kan kilohaz 136 da ɗigo mai sakan 90, kuma kafin su gama musayar alamun kiransu, wato haruffan da aka san tashar kowa da su, da waɗannan 'yan haruffa sai da suka yi mako biyu, saboda hanyar ba ta buɗewa sai duhu ya rufe tekun daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma ba kowane dare take buɗewa ba.

Akwai masu yi musu dariya, suna cewa abin da wayar hannu ke yi cikin sakan su suna yinsa cikin mako biyu. Ni ban ga wurin dariya ba, domin ba labari suke son isarwa ba; tahƙiƙi suke yi a kan iyakar abin da zai yiwu, kuma kowane dare da suka rubuta abin da suka gani shaida ce a kan halin wancan rufin iska na sama, wanda ya yi wa balan-balan nisa, ya kuma yi wa tauraron ɗan'adam kusa, har auna shi kai tsaye ya zama da wuya. Fa'idar da ake taɓawa da hannu ma ba a rasa ta ba. Wani ɗan sha'awar rediyo na Ingila, John Hey, ya ƙera wata na'ura mai aiki a kilohaz 87 wadda ke ratsa dutse, domin masu ceton waɗanda suka maƙale cikin kogo, kuma irinta aka kai Tailan a 2018 sa'ad da ruwa ya rutsa da wasu yara 'yan ƙwallo a kogon Tham Luang. A 2008 kuma Joe Taylor, malamin jami'ar Firinston wanda ya sami lambar Nobel a 1993, ya fito da wata hanya mai suna WSPR, inda na'ura ke aika alamar kira da wuri da ƙarfinta cikin minti biyu, duk wanda ya kama a duniya kuma kwamfutarsa ta kai rahoto intanet da kanta.

Wannan ya kawo mu ga sauraro, wanda a ganina shi ne rabin ilmin, kuma shi ne rabin da talaka ke iya shiga. Hikimar ita ce mai karɓa ba ya bukatar doguwar eriya, domin a dogon zango hayaniyar sama ta riga ta fi ta cikin na'ura yawa, saboda haka ƙaramar eriya tana rage saƙo da hayaniya baki ɗaya, nisbar da ke tsakaninsu ba ta sauya ba. Waya da aka naɗa a kan katako mai murabba'in mita guda ta wadatar, kuma tana da wata falala, cewa in an juya ta sai ta kau da kai daga inda hayaniya ke fitowa. Abin ji kuwa yana da yawa. Akwai tashoshin sa'a, kamar DCF77 ta Jamus a kilohaz 77.5, da MSF ta Ingila da WWVB ta Amurka a kilohaz 60, waɗanda miliyoyin agogo ke daidaita kansu da su; akwai fitilun rediyo na filayen jiragen sama, tsakanin kilohaz 190 da 535, kowace tana maimaita haruffanta biyu ko uku dare da rana, ko da yake ana ta kashe su ɗaya bayan ɗaya; a nahiyarmu kuma Maroko da Aljeriya sun gina manyan tashoshin dogon zango, irin ta Nador a kilohaz 171 da ta Tifaza a 252.

Amma abin da masu sauraro suka fi ɗoki shi ne tashar Grimeton ta ƙasar Suwidin, mai alamar kira SAQ, wadda ta fara aiki a Disambar 1924. Ba ta da kwalba ko taransista irin na cikin akwatin rediyo. Wani ƙaton faifan ƙarfe ne, ƙirar injiniya Ernst Alexanderson, yake juyawa da gudu har ya haifar da igiya mai kilohaz 17.2, tsawonta fiye da kilomita 17, a kan hasumiyoyi shida masu mita 127 kowace. Ita kaɗai ta rage da rai cikin irinta, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004, kuma akan tashe ta 'yan lokuta a shekara, galibi a tsakiyar bazararsu da jajiberin Kirsimeti, ta aika gajeren saƙo, mutane daga ƙasashe da yawa su aiko da rahoton sun ji. Da yake kaɗawarta ba ta wuce abin da kwamfuta ke ɗauka a matsayin sauti ba, naɗin waya da aka soka a ramin makirufo yana iya kamo ta, ba tare da akwatin rediyo ba sam.

Ƙasa da wannan kuma sai muryar halitta kanta. Kowace walƙiya tashar rediyo ce ta ɗan lokaci, kuma wanda ya fita bayan gari, nesa da wayoyin lantarki, da 'yar na'urar ƙara sauti da sanda, zai ji ƙas-ƙas ɗin tsawar da ake yi a nisan dubban kilomita. A ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu har akan ji wani sauti kamar fito, yana farawa da siririyar murya yana gangarowa. Heinrich Barkhausen ya ji shi a wayoyin fagen fama lokacin yaƙin farko ya rubuta a 1919, amma sai a 1953 Owen Storey na jami'ar Kambirij ya tabbatar cewa walƙiya ce igiyarta ta bi layin maganaɗisun duniya, ta fita can sararin samaniya ta komo, masu saurin kaɗawa suka riga masu jinkiri isowa. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya fiton nan ba rabonmu ba ne sosai. Rabonmu tsawar ce, domin Afirka ta tsakiya tana cikin wuraren da suka fi ko'ina walƙiya a bayan ƙasa, kuma da damina dogon zango a ƙasar Hausa kururuwa ce zalla.

Saboda haka lokacinmu shi ne hunturu, sa'ad da hadari ya koma kudu, dare ya yi tsawo, ko da yake busasshiyar iska mai ƙura takan tara wa doguwar waya lantarki, sai a kula a haɗa ta da ƙasa. Babban abokin gaba kuwa, a nan da Turai duka, shi ne kayan cikin gida: cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani, injin sola mai juya wutar batir, kowannensu yana feshin hayaniya a daidai wannan zango. Har ma akwai abin ban dariya a ciki, cewa ɗauke wutar da muke kuka da ita ni'ima ce ga mai sauraro da batir, muddin maƙwabci bai tayar da janareta ba. Kuma ɗan ƙauyen da ba a kai wa wuta ba yana zaune cikin shirun da Bature zai yi tafiyar sa'o'i a mota yana nema.

Wanda ya buɗe taswirar masu kai rahoton WSPR a dogon zango zai ga Turai da Amurka ta Arewa cike maƙil, da jama'a a Japan da Ostareliya, amma daga Sahara zuwa gaɓar tekun Gini kusan fayau, alhali ƙasashenmu suna da alamun kiransu da duniya ta san su da su, 5N ta Nijeriya, 5U ta Nijar, 9G ta Gana, TJ ta Kamaru, TT ta Cadi, ST ta Sudan. Mutum guda da zai kafa 'yar eriya a Agadas ko Katsina, ya bar kwamfuta a kunne daga magariba zuwa asuba, zai ba masu gwaji na Turai abin da ba su da shi, wato shaida daga kudu a kan yadda igiyoyinsu ke ƙetare hamada. Watsawa dai ba ta halatta sai da lasin daga hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma kada kowa ya kusanci naɗin waya mai dubban bolt ba tare da malami ba. Amma ina kira ga malaman kimiyya na sakandare da na kwalejojin fasaha, da masu gyaran rediyo na kasuwanninmu waɗanda hannunsu ya riga ya saba da dalma da tagulla, su fara da sauraro. Mai son ya ɗanɗana kafin ya sayi kome, jami'ar Twente ta ƙasar Holan ta sa na'urar karɓarta a intanet kyauta, ana shiga da wayar hannu. Ya gangara ƙasa da kilohaz 300 bayan sallar isha'i, ya nemi 77.5, zai ji agogon Jamus yana ƙirga sakan.